Ganyen da Akuya Ta Tsallake

In ka bi ta unguwar Talladje ta Yamai da hantsi ka ga mata tsaye da kwanoni a ƙofar wani babban gida, to kwaɗon Hajara suke jira. Zabarmawan unguwar suna ce masa kopto, ita kuwa har gobe kwaɗo take kiransa, wai ba a Yamai aka binne cibiyarta ba. Mutuniyar wani ƙauye ce a ƙasar Maraɗi. Mijinta Dauda direban mai gidan ne, shi ya sa aka ba su ɗaki ɗaya a can baya, kusa da famfo, suna zaune da autarsu Fati mai shekara goma sha ɗaya.

Hajara ta san ganye, wannan ko maƙiyinta ba ya musu. Ba a lekol, wato makarantar boko, ta koya ba, yunwa ce ta koya mata, da hannun uwarta. Shekarar da gero ya ƙi, uwar kan tasa ta gaba su shiga daji, ta riƙa nuna mata: ga tafasa, ga yaɗiya, ga gasaya, ga anza mai ɗacin tsiya wadda sai an jiƙa kwana da kwanaki ana sauya mata ruwa. Da wannan ɗacin gidansu ya ƙetare shekarar, ba a fitar da gawa ko ɗaya ba. Saboda haka in Hajara ta ga yaro yana yamutsa fuska a kan abinci, wallahi ji take kamar ta kwaɗa masa muciya.

Haka ta raini Fati. Tun yarinyar ba ta kai tsawon turmi ba take zaunar da ita gaban tukunya tana cewa, "Ɗaci ba ya kashe mutum, ke dai tafasa ki zubar da ruwan, ki sake tafasawa ki zubar. Kuma abin da aka zuba miki ki cinye, ban son raki." Fati ta ɗauke tas. 'Ya'yan mai gida na kukan sai makaroni, ita tana lashe kwanon tafasa, uwar na kallonta tana jin daɗi har cikin ranta. Dauda kan ce, "Ke dai za ki mai da yarinyar nan akuya." Sai ta ce masa ya ji da sitiyarinsa.

To, a jikin katangar gidan akwai wasu itatuwan ado da mai gida ya sa aka dasa, masu siraran ganye da fure ja-ja. Babu irinsu a garin su Hajara. Ko rani ya ƙone komai, su suna nan kore shar, abin da ke ba ta haushi ke nan. Sau nawa tana shanya tana faɗi a gaban Fati, "Dubi ganye har ganye, an bar shi yana zuba a banza! Mutanen birni ba su san zafin ciki ba."

Wata safiya cikin zafin bazara akuyar maƙwabta ta faɗo gidan. Ta cinye ɓawon albasa, ta tauna kwali, ta ja gefen tabarma. Da ta zo gindin itatuwan nan sai ta shinshina, ta kau da kai, ta wuce. Hajara na tsaye da tsintsiya tana kallo. Nan take ta tuna abin da uwarta kan fara yi kafin ta taɓa baƙon ganye: sai ta tsaya ta ga ko dabba na cinsa. Wannan ne farkon karatun, ita kuwa ba ta taɓa gaya wa Fati ba, don a gidan siminti ina dabbar da za a kalla? Ta ce a ranta bari yarinyar ta dawo daga lekol. Yarinyar ta dawo, masu sayen kwaɗo suka yi yawa, maganar ta bi ruwa. Kwana uku tana tunawa tana mantawa.

Ranar Asabar zogale ya yanke a kasuwa, dole ta tafi Tondibiya wajen masu lambu na bakin kogi. Ta bar wa Fati garin ƙuli-ƙuli da albasa, ta ce ta jira ta. Tana cikin taksi a hanyar dawowa, rungume da buhu, sai ta ji hankalinta ya ƙi kwanciya, ba ta san dalili ba.

Tun daga ƙofa ta ji wani wari da hancinta bai sani ba. A bakin famfo ga ruwan tafasa an zubar, kore-kore, har wuri biyu. Fati na zaune jingine da bango, leɓenta ya yi fari, tana murmushin ƙarfin hali.

"Inna, na hutar da ke. Ga naki can na rufe."

Hajara ta buɗe kwanon. An yanka ganyen ƙanana, an kwaɗa da ƙuli, har da yaji daidai yadda take so. Aikin hannu mai kyau, irin nata sak. Ta juya ta dubi katanga, reshe biyu sun zama tsirara.

"Kin ci?"

"Na cinye nawa. Da ɗaci, amma ban yi raki ba."

"Tun yaushe cikinki ke ciwo?"

Yarinyar ta sunkuyar da kai. Ashe tun kafin azahar take amai a bayan ɗaki tana rufewa da ƙasa, don kada a ce ta raina abinci.

"Innalillahi! Baban Fati! Baban Fati, fito da mota!"

Dauda bai ko nemi izinin mai gida ba. A hanya Hajara ta ɗora kunnenta a ƙirjin 'yarta, ta ji zuciyar na bugawa ɗaya, ta yi shiru kamar ta fasa, sannan ta sake ɗaya. A asibiti majo, babban ma'aikacin jinya, ya karɓi reshen da ta ɓallo kafin su fito, yana gani ya daina tambaya, ya ƙwala wa abokan aikinsa kira da Faransanci. Suka shige da yarinyar, suka bar ta a baranda da ƙamshin ƙuli a hannunta. Ta yi kuka, ta zagi kanta da bakinta, kuma ba wanda ya ce mata ba laifinta ba ne. Dauda ma bai ce ba.

Kwana biyar Fati ta yi ana ƙara mata ruwa. Allah ya yi da sauran kwananta, ta dawo gida a rame, idanu zuru-zuru. Mai gida ya sa aka sare itatuwan, amma ko wata ba a yi ba kututturen suka fara tofo.

Hajara na nan tana sana'arta, layin ƙofar gida bai ragu ba. Sai dai ranar da Fati ta fara iya zama cin abinci, uwar ta kwaɗa mata zogale ɗanye shar, wanda ta tsinko da hannunta, ta ajiye mata a gaba. Yarinyar ta daɗe tana kallon kwanon, hannunta a cinya.

"Inna," ta ce a hankali, "wannan kin tabbata?"

Shekara talatin Hajara na dafa zogale. Ta buɗe baki za ta ce i, sai ta ga ta jawo kwanon gabanta tana tona ganyen da yatsa, ɗaya bayan ɗaya, yarinyar na jira.