Ashe Ni Ne Baturen

Jiya a motar haya daga Bwari, wata mata kusa da ni ta ɗora kwamfuta a cinya, tana waya kamar za ta yi kuka: "Oga, saƙonnin sun maƙale. Manoma ba su ji labarin rabon taki ba, kuma gobe ne!"

Ba leƙe na yi niyya ba, amma idona ya faɗa kan sunan manhajata. Kyauta nake kula da ita in na tashi daga ofis, kowa na iya ɗauka. Aikinta jera saƙonni a layi, su fita ɗaya bayan ɗaya.

Na ce, "Madam, kawo in gani." Saiti ɗaya ta manta ba ta kunna ba. Kafin mu shiga gari saƙonni sun fara tafiya.

Ta ce, "Malam, kai ma kana amfani da ita?"

Na ce, "Ni na rubuta ta."

Ta kalle ni sama da ƙasa. "Kai! Na ɗauka wani Bature ne. Har addu'a nake masa."

Na ce, "Ki ci gaba, tana isowa."

Shekaru ina wannan aikin, sai jiya na ga fuskar mai morarsa. Ku fa, kun taɓa cin karo da aikinku a hannun baƙo?