Saƙon Inna Ga Nomau

Shekara ashirin da bakwai ke nan da rasuwar maigidana. Ba zan faɗi sunansa ba. Ban faɗe shi yana da rai ba, ba kuwa yanzu da haƙorana suka zube zan fara ba. Malam nake ce masa. Mutanen ƙauyukan Gidan Rumji da suka san shi a farkon mulkin kai, Mai-tambaya suke kiransa, wasu da wasa, wasu da haushi. Masu haushin suna da hujja, sai dai ba shi ya kamata su ji wa ba. Ni ce. Kowace shekara ina cewa zan rubuta wannan, sai in ce bari sai baɗi. Bana gwiwoyina sun gaya mini in daina dogara da baɗi.

Da Nasara suka sauke tutarsu, ba duka suka tafi ba. Akwai wata da muke ce wa Madam, wadda ta zo nazarin yadda manoma ke zaman gandu: wa ke noma ina, wa ke buɗe rumbu, yaushe ƙane ke ware tukunyarsa daga ta wansa. Hausarta ba ta wuce gaisuwa ba, sai ta ɗauki Malam tafinta. Da ta ga iyakarsa zaure, ta ce a zo da ni, tun da na ɗan zauna lakol, makarantar boko, a Maraɗi. Rani biyu muka yi muna yawo, daga ƙauyukan Tibiri zuwa na Cadakori. Shi wajen maza, ni cikin gida, da akwatin ɗaukar magana a kaina, mai nauyin ɗan akuya.

Malam ba ya tambaya ranar da ya sauka gari. Zama yake yi, ya sha furar mutane, ya kama musu ɗaurin darni, ya yi ta sauraron hirar da ba ta da kai. Sai kwana na uku ko na huɗu zai fito da akwati, kuma kafin ya murɗa sai ya ce da mutum, “Maganarka za ta haye teku. Ba mai jin ta garin nan sai da yardarka.” Ni ma ya koya mini in faɗa wa mata haka. Ya kafa mini doka ɗaya: maganar mata faifanta daban, in an gama a ɗaura masa jan zare. Dalili kuwa, muna da al'ada ranar barin gari. Mutane na son jin muryarsu, don haka bayan la'asar Malam kan aje akwati a dandali ya sa musu faifan maza, hirar da suka yarda a ji. Su yi ta dariya, wannan na cewa wancan ashe haka kake magana ta hanci. Tukuicinmu ke nan gare su.

Yanzu ina zaune ƙofar gida ina ganin masu anketi, masu yawon tambaya na zamani. Su sauko daga mota da riguna iri ɗaya, waya a hannu, su karanta wa tsohuwa takardar neman yarda da sauri kamar mai gudun ruwa, ta dangwala yatsa, su jero mata tambaya arba'in, kafin azahar sun tashi. Wata ta taɓa tambayata sau nawa nake cin nama a mako, idonta na kan waya, na ce mata kullum, ta rubuta. Da Malam na nan, na san zai ce takardar nan abu ne mai kyau, mu ba mu da ita. Sa'an nan ya tambaye su ko sun san inda maganar ke kwana bayan sun tafi. Ni dai na gaji da ba'a gare su, don abin da na yi ya fi nasu muni.

A wani ƙauye yamma da Cadakori ne. Matar wani maigida ce, ta manyanta, zan ce mata Inna. Kwana biyar ina zuwa tana sussuka ina taya ta, ba ta ba ni komai sai abin da kowa ya sani. Rana ta shida ta kore jikoki, ta ja ni ɗaki, ta ce, “Ɗiyata, kin ce abin ga ba ya magana garin ga?” Na ce wallahi ba ya yi, Inna. Faifan da ke cikin akwati na maza ne, an ci rabinsa da safe. Faifai ya yi mana ƙaranci, Madam na Maraɗi tana jinyar zazzaɓi, sababbin fayafayan kuma suna masauki a ƙarshen gari. Na ji tsoron in na tashi ɗauko wani, bakinta ya rufe. Sai na murɗa a kan ragowar, da niyyar in gaya wa Malam.

Kowa ya san mace ba ta leƙa rumbun maigida, balle rumbun iri. Inna ta ce a wata shekarar yunwa, tana da ƴaƴa uku ƙanana, na goye ya daina kuka don ba ƙarfi. Maza sun tafi daji neman abin da za a ci. Ta sa tsani ta hau rumbun iri, ta zaro zangarniya kaɗan. Washegari ta sake. Da ruwa ya sauka aka buɗe rumbu, iri ya yi rabi. Maigida ya ɗora wa ƙanensa Nomau laifin, don shi kaɗai ke hawa gyaran jinka. Nomau ya rantse, ba a yarda ba, aka kira shi ɓarawon iri gaban mutane. Ya ɗauki sandarsa ya yi kudu, bai sake waiwayo gida ba. Ita tana tsaye bakin murhu, ba ta ce uffan ba. Shekara ashirin tana ɗauke da wannan. Da ta gama ta share ido ta ce, “To, na sauke. Su ji can bayan teku.”

Ban gaya wa Malam ba. Da na koma yana wajen maigari, washegari muna ta ɗaurin kaya, kuma gaskiya ina jin nauyin ya san na karya dokarsa. Na ce in mun bar gari na faɗa. Kai, wauta! Ban ko tuna da dandali ba sai da na jiyo dariyar maza daga masauki. Na fito da gudu ba mayafi. Kafin in isa dariyar ta mutu, muryar Inna ce ke fita, a sarari, har da shessheƙarta. Malam ya tsallaka gefe yana sallama da liman, bai ankara ba sai da ta kai wajen tsani. Ya daka tsalle ya kashe. Maigidan Inna na zaune a sahun gaba. Ya tashi, ya kaɗe rigarsa, ya sa takalmi, ya tafi gida.

Kafin mako ya zagayo an mai da Inna gidansu a Gangara, da tsufanta, da ƙullin kayanta. Malam ya ce da Madam kuskurensa ne, shi ya haɗa faifan. Haka ya gaya wa maigari, haka ya gaya wa kowa. Ya aje aikin, ya koma koyarwa a lakol. Ni sau ɗaya ya yi mini maganar, a hanya, bai ko dube ni ba: “Ni na ce musu ba mai ji. Bakina ne.” Sau uku yana komawa wajen tsohon nan, mijin Inna, ba da haƙuri. Kowane zuwa a shimfiɗa masa tabarma, a kawo ruwa, a tambaye shi iyali, da ya ɗauko zancen sai tsoho ya ce rana ta yi, Malam, kada hanya ta yi maka nisa.

Gangara kuwa tare muka je. Na tsaya ƙofar gidan, sai da Malam ya ce in wuce. Na durƙusa ina kuka. Inna ta rame. Ba ta zage ni ba, na kuwa so ta zaga. Ta ce, “Tashi, ɗiyata. Garin da bai kamata shi ji ba ya ji. Wanda ya kamata shi ji fa? Ku nemo Nomau. Ku ce ni na ce, ku faɗi ko gaban wa.”

Malam ya neme shi. Duk hutun lakol sai ya haye iyaka, kasuwa kasuwa, wajen Jibiya, wajen Katsina, yana tambayar wani Nomau bahago mai tabon ƙuna a wuya. Mutumin da ya iya tambaya fiye da kowa, wannan ɗaya ta gagare shi. Wani ya ce ya gan shi yana haƙar rijiya, wani ya ce ya yi gaba. Inna ta rasu ba ta koma ɗakinta ba. Malam ya ci gaba har ƙafa ta ƙi, ni ina yi masa guzuri.

In na auna abin da ya rage nasa, ba shi da yawa. Littafin da Madam ta rubuta ban taɓa ganinsa ba, ban san ko sunansa na ciki ba. Ɗalibansa sun tsufa, suna yi masa addu'a in mun haɗu wajen biki. Abin da na sani shi ne ya ɗauki alkawarin da aka yi wa mai ba da labari da nauyin da ban ga wani ya ɗauka ba, har ya biya na wanda ba shi ya karya ba. Allah ya jiƙansa, ya jiƙan Inna, ni kuma ya yafe mini.

Saura aiken. In akwai mai karanta wannan da kakansa Nomau ne, bahago, wanda ya baro wani ƙauye yamma da Cadakori a shekarar yunwa kuma bai taɓa son a yi masa zancen gida ba, to matar wansa ta aiko ni. Ta ce a gaya masa ita ce ta hau rumbun, don ƴaƴanta. Kakanku bai saci iri ba.