Buhunan Inna da Durom ɗin Wakili

A gidan hayar da muka zauna a Fagge, Inna ba ta taɓa tara shara wuri ɗaya ba. Buhu huɗu ta rataye a bangon tsakar gida, kusa da ƙofarmu. Na farko na ɓawon doya da ƙanzo, wata mai awaki ke zuwa ɗauka da la'asar. Na biyu na gorunan roba, rabon maƙwabciyarmu Madam, 'yar ƙabilar Ibo haifaffiyar Sabon Gari, mai sayar da manja a kasuwa. Na uku na ƙarafa, yana jiran 'yan gwangwan. Na huɗu ya fi ƙanƙanta, shi ne na takardun da ke ɗauke da sunan Allah: katin ɗaurin aure, tsohuwar kalanda, yagaggen littafin Islamiyya. Waɗannan ƙona su take yi ta binne tokar. Har Madam kan kawo nata na coci ta saka.

Da gidan ya koma hannun sabon wakili, ya shafe bango da fenti, ya kawo shuɗin durom ya girke a bakin ƙofa. Ya ce daga yau duk shara a ciki, buhunan kuma a sauke, sun mai da gida bola. Inna ba ta sauke ba. Bayan mako biyu ya aiko cewa ko buhu ko ɗaki, kafin ƙarshen wata.

Ni na ji tsoro. Ɗaki a Fagge ba ya samuwa da sauƙi, daga nan kuma nake takawa zuwa aiki a Titin Ibrahim Taiwo. Na ce mata ta haƙura. Ta ce, "Kai ka haƙura, tunda kai kake da aiki."

Ranar Asabar da hantsi wakilin ya zo da kansa. Inna tana tsintar shinkafa, ba ta tashi ba.

"Hajiya, har yanzu suna nan?"

"Suna nan, Malam. Ba su da ƙafa."

"Ɓeraye suke tarawa."

Madam ta leƙo daga ɗakinta. "Ɓeran da ke cin gorar roba, Malam, nuna min shi in kai shi kasuwa."

Inna ta ajiye faifai, ta ciro kati ɗaya daga ƙaramin buhun, ta miƙa masa. Bisimilla ce a samansa da ruwan zinariya. Ta buɗe murfin durom. Hanjin kifi ne a sama, da ƙunzugun jarirai, ƙuda ya tashi.

"Ka ce duk shara a ciki. Saka da hannunka, ni kuma in sauke sauran."

Ya dubi katin, ya dubi durom. Matan gida sun fito.

"Ai wannan daban ne, Hajiya."

"Duk daban ne. Na akuya daban, na Madam daban. Kai kaɗai ka ga abu ɗaya."

Ya ninke katin ya sa a aljihun gaba. Ya ce ƙaramin buhun ya zauna, ukun kuwa kada ya sake ganinsu a bangon da ya yi wa fenti. Inna ta ce ta ji.

Kafin azahar Inna ta sa na buga ƙusa uku a cikin ɗakinmu, bayan ƙofa, inda nake rataye kayan aikina. Wata ya ƙare, takardar tashi ba ta zo ba. Shekara biyu muka ƙara a gidan, kuma duk tsawonsu mai awaki sai ta yi sallama ta shigo har ɗaki, ni kuwa ina zuwa ofis riga tana ɗan warin ƙanzo.