Labaran Mai Fenti da Gidan Surajo

Labaran mutumin Karare ne, amma a Batsari aka fi saninsa, kuma ba mai kiran sunansa bai haɗa da "mai fenti" ba. A Katsina ya koyi sana'ar tun yana saurayi, ya dawo gida ya auri Tasalla, ya shekara ashirin yana bin bangon mutane. In kaka ta yi kyau aka sayar da gyaɗa, sai ka gan shi bisa babur da bokitin fenti ɗaure a baya, yau Safana gobe Ruma.

Yana da aboki tun na ƙuruciya, Surajo, manomi a Ruma. Shekara tara Surajo ya yi yana tara bulo kafin ya gama ɗaki uku da zaure, sannan ya aika wa Labaran.

"Ciki kawai za ka shafa mini," in ji Surajo. "A bar wajen haka, ka san halin da ake ciki."

Labaran ya ce, "Haba Surajo! Gida kamar wannan ka bar shi tsirara? Bokiti huɗu ya isa. Kai dai sayi fentin, kuɗin aiki na yafe maka."

Surajo ya yi ta ja, daga baya ya sayar da tumaki biyu. Kwana uku Labaran ya yi a kan tsani, ya shafe gidan da shuɗi mai haske, ya zagaye tagogi da fari. Tun daga bakin daji ake hango shi.

Ba a rufa wata biyu ba ɓarayin daji suka shigo da la'asar a kan babura. Suka wuce gidajen laka duka, suka yi birki a ƙofar Surajo. Maƙwabta sun ji ɗayansu yana cewa mai wannan gida ba zai rasa abin ba su ba. Suka tafi da shi. Aka sayar da gonarsa da shanun huɗa aka kai musu kuɗin fansa, suka karɓa. Bayan mako uku wani da ya kuɓuto ya kawo labarin cewa Surajo ya rasu a hannunsu.

Da Labaran ya je gaisuwa, ya kasa ɗaga kai. Rashida matar mamacin ba ta faɗa masa magana mai zafi ba. Daga bayan labule ta ce, "Malam Labaran, don Allah ka rufe mana wannan fentin. Ina da yara."

A ranar ya kwaɓa laka, ya yaɓe bangon da hannunsa yana hawaye. Kafin damina mutum bakwai sun kira shi ya yi musu haka, duk gidajen da shi ya shafa. Da waɗannan suka ƙare, aiki ya ɗauke gaba ɗaya.

Gonarsa ta Karare ba ta shiguwa saboda ɓarayin daji. Babur ya tafi a cefane. Yanzu ranar kasuwa kaɗai yake fita, ya yi dakon buhuna a Batsari, ga ciwon baya. Tasalla takan ce, "Malam, ka je Katsina mana, can har yanzu ana fenti." Sai ya ce to, gobe in Allah ya so. Shekara biyu ke nan yana faɗa mata haka, bai je ba.