Wanda Ya Ƙona Mini Kuloci

A ƙauyenmu ni ce mace ta farko da ta riƙe sitiyari, kuma ban zo da niyyar kafa tarihi ba, gajiya ce ta kai ni. Aikin jinya nake yi a wani ƙaramin asibiti kan hanyar Ɗanbatta. Na shekara goma sha ɗaya ina tsayuwa a bakin titi da sassafe ina ɗaga wa motocin haya hannu suna wuce ni a cike, har ranar da na isa na tarar mai naƙuda ta haihu a kan benci. Da na koma gida na ce wa maigidana mota nake so. Malamin Islamiyya ne kuma manomi, mutum mai sanyin hali wanda ba ya son abin da zai sa a dinga nuna gidansa. Sai da ya yi wata biyu yana cewa bari ya yi tunani. Da ya amince ya kafa sharaɗi ɗaya: duk ranar da ta tabbata hannuna bai iya ba, zan ajiye makulli ba gardama. Na ce na ji na yarda.

Ƙaramar mota ce ja, 'yar Kwatano, mai giyar hannu. Mun saye ta a wani kamfanin dillancin motoci a Kano, wanda ke da garejinsa a baya. Ƙanin Malam ne ya koya mini tuƙi. Direban haya ne tsakanin Ɗanbatta da Kano, kuma tun da aka kawo ni gidan muke wasan ƙanin miji da matar wa, ba ya raga mini, ni ma ba na raga masa. Ranar da na karɓo lasisi ya zo da wata 'yar kyamara ya liƙa a gilashin gaba, a bayan madubi.

"Matarmu, wannan don tarihi ce," in ji shi. "Ranar da za ki hau rumbun mutane ina so in gani da idona."

Na ce, "Wanda ya ƙarar da kajin unguwa da taya ne zai yi mini gori?"

Da an kunna mota kyamarar take fara ɗaukar hanya da duk maganar da aka yi a ciki, ba ƙara ba haske. Na rataya carbi a madubin ya rufe ta, na manta da ita gaba ɗaya.

Wanda ya san wajenmu ya san gona manne take da gona. Hanyar da ke fita titi ta ratsa tsakanin gero da gyaɗa ne, in ka kauce taku ɗaya ka shiga kunyar wani, ga amalanke, ga jakuna. Na yi damina guda ina bin hanyar nan ban karya ko kara ɗaya ba. Ina alfahari da wannan, ba kuma zan ɓoye ba.

Bayan an yi girbi lokacin canjin baƙin mai ya yi, na kai motar kamfanin. Suka ce akwai layi, in bar ta kwana uku. Da na karɓo ta tun a hanya na ji wani ƙauri-ƙauri, na ce ko na sabon mai ne. Kwana biyu da dawowa, a 'yar gangaren da ake hawa a shiga titi, mota ta tsaya tana ta ihu ba ta gaba. Wurin kuwa daidai majalisar dattawa ne, gindin darbejiya. Su suka taso suka tura ni gefe, kowa yana "sannu Malama," yana danne dariya. Na ji wani yana cewa ai dama an faɗa.

Aka ja motar zuwa Kano, muka bi ta ni da Malam da ƙaninsa. Shugaban makanikan wurin mutum ne mai tsabta da taushin murya, irin wanda in ya yi maka sallama sai ka ji ka yarda da shi. Ya leƙa ƙasa, ya shinshina, ya goge hannu, sannan ya juya wajen Malam. Ni ko kallona bai yi ba.

"Malam, kuloci ne ya ƙone ƙurmus. Kuma gaskiya ba laifin mota ba ne, ƙafa ce. Mata haka suke, tsoro ba ya barinsu su ɗauke ƙafa daga kai. Ko sabo muka saka, in dai ita ce, wata biyu za ku dawo."

Na ce ƙarya yake yi. Da ƙarfi na faɗa, a gaban ma'aikatansa da masu jiran gyara. Ya yi murmushi ya ce, "Allah ya huci zuciyar Hajiya." Malam ya ce mini, "Ya isa." Muka bar motar a can. Kafin mu fita ƙanin ya koma ya ciro kyamararsa, ya ce ba zai bar kayan kuɗinsa a gareji ba.

Da muka iso gida Malam bai yi faɗa ba. Ya zauna a bakin tabarma ya miƙo tafin hannu, na ɗauko ɗayan makullin da ke jakata na saka masa. Ya ce in an gyara za a samo mai tuƙa ni. Na shiga ɗaki na yi kuka, kukan haushi, don na san ƙafata, amma ba ni da yadda zan yi in nuna wa kowa. Mace ce ta ce, makaniki ya ce, kowa ya san wanda za a ɗauka. Kwana huɗu na yi ina komawa bakin titi, a gaban darbejiyar nan.

Ranar Juma'a bayan la'asar ƙanin ya shigo yana washe baki. Ya ce ya zo a yi kallon yadda matarsu ke dafa kuloci. Ya zare ɗan katin kyamarar ya sa a wayarsa, ya jingina ta da kwanon sha a tsakar gida. Na so in tashi, sai na ga in na tashi an ce na ji tsoro. Malam ma ya matso.

Aka fara da ni. Ga hanyar gona, ga muryata ina addu'ar hawa, ga ni ina yi wa wani jaki faɗa ya ba ni hanya. Har waƙa aka ji ina yi, na rufe fuska da mayafi. Ƙanin yana ta dariya, amma can sai ya rage, ya kara kunne.

"Yaya, ka ji sauyin giyar nan? Wannan ƙafar ba ta kwana a kan kuloci. Ni na koya mata."

Ya dinga turawa gaba har aka zo garejin. Ni a zatona nan hoton zai yanke sai ranar da na karɓo. Ina! Sai ga mota ta fito daga kamfanin ta nufi wani filin ƙwallo. Ta tsaya. Mutum biyu suka fito suka zagaya ta gaban mota don su yi musayar kujera, fuskokinsu tar. Ɗaya shugaban makanikan ne. Ɗayan wani ƙaton mutum ne mai tumbi, yana tattare babbar riga. Daga nan mota ta fara zabura tana mutuwa, zabura tana mutuwa, inji yana kururuwa.

"Saki a hankali, Alhaji! A hankali! Kar ka danne totur!"

Koyon mota ake yi. Da motata. Kwana uku a jere, safe da yamma, muna gani. A rana ta uku mai tumbin ya ce yana jin wari.

"Kuloci ne, rabu da shi," in ji muryar nan mai taushi. "Ta wata 'yar ƙauye ce. In ta dawo a ce ƙafarta ce, wa zai musa?"

Da suka koma gareji wani ya tambaya ko an canja mata mai. Shugaban ya ce a goge murfin kawai.

Ƙanin ya cire hula ya riƙe a hannu. Malam ya dubi wayar ya ce, "Innalillahi." Ni kuwa wallahi daɗi ne ya kama ni, wani irin daɗi mai zafi. Na ce abu ɗaya nake roƙo: in mun je, ni zan yi magana. Malam ya ce, "Ke za ki yi."

Da safiyar Litinin muka shiga ofishin manajan kamfanin, na ce a kira mini shugaban makanikai. Ya shigo da sallamarsa mai daɗi. Na ce don Allah ya maimaita wa manaja abin da ya ƙona mini kuloci, na kasa ganewa rannan. Ya gyara tsayuwa ya maimaita, har da ƙari, ya ce ya ga irin wannan ya fi a ƙirga. Sai da na bari ya kai aya, sannan na ajiye wayar a kan tebur na danna.

Ban kalli hoton ba, fuskarsa na kalla. Lokacin da mai tumbi ya gifta, bakinsa ya buɗe. Lokacin da muryarsa ta ce "'yar ƙauye," gumi ya karyo masa duk da sanyin ofishin. Manajan ya miƙe tsaye, ya zauna, ya sake miƙewa. Ya fara ba Malam haƙuri, Malam ya nuna ni da hannu ya ce, "Ga mai motar nan."

Manajan ya ce za a saka sabon kuloci kyauta, a rufe maganar a nan. Na ce za a saka, ƙanin mijina yana tsaye a kai, a kuma juye man a gabana. Amma maganar ba a ofis aka fara ta ba, don haka ba a ofis za ta ƙare ba. A tsakiyar gareji makanikin ya ce ƙafata ce, a can zai je ya warware.

Muka fita. Ma'aikata suka ajiye sifana, masu jiran gyara suka matso. Ya sunkuyar da kai ya yi wata 'yar magana a ciki-ciki.

Na ce, "Ban ji ba. Mu 'yan ƙauye kunnenmu sai da ƙarfi."

"Ba ƙafar Hajiya ba ce," ya ce. "Ni ne."

Wani dattijo cikin masu jira ya tambayi ƙanin inda ake sayar da irin wannan kyamara. Kafin a gama gyara mutum biyar sun tambaya, shi kuma yana ta bayani yana hura hanci, wai shi ya san za a yi haka.

Sai bayan azahar aka gama. Ƙanin ya nufi ƙofar direba don ya fitar mana da ita daga cunkoson birni, Malam ya ce masa ya je ya ji da fasinjojinsa. Ya buɗe ɗaya ƙofar ya zauna a gefena. Wannan ce rana ta farko da ya shiga motar ina tuƙi.

Na shiga cunkoson Kano, 'yan adaidaita suna kutsowa ta ko'ina. Ina satar kallonsa, yana riƙe da hannun ƙofa gam, leɓensa yana motsi. Na shirya maganganu da yawa da zan faɗa masa in mun fita gari, tun na kwana huɗun nan, na jera su tsaf. Da gidaje suka ƙare, gonaki suka fara, ga kara an tattara an jingine, na buɗe baki na juya.

Malam barci yake yi. Ya saki ƙofar, hula ta zame masa, kansa ya jingina da gilashi, har da ɗan minshari. Mutumin da ko a motar ƙaninsa ba ya runtsawa.

Na haɗiye maganganuna. Na rage gudu, na dinga kauce wa ramuka ɗaya bayan ɗaya don kada ya farka, a haka har muka iso gida.