Layin da Yake Rawa

Ba a daɗe da ba mu jiha ba aka tura ni wani ƙaramin asibiti a Dutse, ina gyaran na'urori. Akwai na'urar auna bugun zuciya guda ɗaya, mai zana layi a kan takarda. Wani dattijon ma'aikacin jinya, mutumin Ringim, shi yake aiki da ita. Baba muke ce masa.

Da rani ya shigo, layin ya fara fitowa da ƙananan haƙora kamar na zarto, har likita ya kasa karantawa. Na kwance na'urar sau biyu, ban ga komai ba. Da likita ya matsa mini, sai na ce, "Na'ura lafiyarta ƙalau. Baba ne ba ya manna wayoyin daidai a jikin mara lafiya."

Baba yana tsaye a wurin. Ya bari sai da likita ya fita, sannan ya ce, "Ɗana, da damina ba ta yin haka. Kuma in aka ɗauke wuta ta koma kan batir, layin yakan fito fes."

Na ce, "Baba, damina ba ta shiga cikin inji."

A makon nan aka mayar da shi ɗakin kati, aka kawo wata ma'aikaciya. Layin bai fasa rawa ba.

Wata rana da hantsi na zare filogin na'urar da hannuna, ta koma kan batir. Nan take haƙoran suka ɓace. Ashe wutar bango ce take kutsawa cikin awon. Na bi wayar da ke kai ɓatacciyar wuta cikin ƙasa har bayan ginin, na tarar an soke guntun ƙarfe a busasshen yashi, mahaɗin ya ci tsatsa. Da ruwan sama ne kawai yake kamawa. Na haƙa rami mai zurfi, na kafa sabon ƙarfe, na zuba gawayi da gishiri da ruwa. Aka gwada, layi ya daidaita.

Likita ya yaba mini a gaban jama'a, ni kuwa ban ambaci sunan Baba ba. Kullum ina wucewa ta tagar ɗakin kati, Baba ya tambayi iyalina, in amsa in ƙara sauri. Ina ta cewa gobe zan tsaya. Bayan babbar Sallah ya yi ritaya ya koma gida.

Shekara uku bayan nan wani direban motar Ringim ya gaya mini rasuwar Baba. Na je ta'aziyya, aka tambaye ni daga ina, na ce daga wurin aikinsa.