Bindigar Labbo Ba Ta Yi Tsatsa Ba

Bana shekara talatin ke nan cif da muka binne yayana Labbo. Lokacin shinkafar fadama ta fara sunkuyar da kai, shekara guda bayan Turawa sun miƙa mulki. Ni sunana Arzika, noma nake yi a wani ƙauye bakin kogin Kuwara, tsakanin Lolo da Illo. Karatuna bai wuce na yaƙi da jahilci ba, wanda ya ga rubutun nan a karkace ya yi haƙuri. Ba gwaninta ta sa na rubuto wa jaridar nan ba. Tsoro ne.

Duk wanda ka tambaya a garinmu me ya kashe Labbo maharbi, zai ce maka tsatsa. Wai ta ci bindigarsa daga ciki, ya harba, ta fashe masa a hannu. Haka liman ya ji, haka mai gari ya ji. Haka ni ma na gaya wa ɗansa Audi, wanda aka haifa wata huɗu bayan rasuwar, kuma a hannuna ya girma. Na faɗa masa sau ba adadi, har bakina ya saba.

Bari in fara daga sayen bindigar. Mu gidan maharba ne. Ubanmu adaka ya bar mana, irin wadda ake zuba wa albarushi ta baki a danna da sandar ɗuri. Harbi ɗaya gare ta. Idan tsuntsayen ruwa irin su dinya da kirinjijiya suka sauka cikin shinkafa, ka harba sau ɗaya, kafin ka sake ɗuri sun tashi sun koma gonar maƙwabci. In kuwa raɓa ta taɓa albarushin, sai dai ka yi jifa da hannu. Labbo ya gaji da wannan. Da aka ce Turawan Faransi na tattara kaya a hayin Dahomey, ƙasar da yanzu ake ce wa Benin, suna sayar da abin da ba za su iya ɗauka ba, sai ya ce in raka shi.

Wani ɗan kasuwa Badende, ɗan ƙabilar hayin can, ya shimfiɗa mana bindigogi uku kan tabarma a bayan rumfarsa. Ɗaya mai baki ɗaya, ɗaya mai baki biyu, ta ukun kuwa ban taɓa ganin irinta ba. Akwai katako ƙarƙashin bututunta, ana jan shi baya a tura gaba kamar famfon keke, shi ya sa har yau mai famfo muke ce mata. Harsashi biyar take ci, ta ƙarƙashin cikinta ake cusa su. Ni mai baki biyun ta burge ni, don an yi mata zane a jiki.

“Kai Arzika, mi kas sani ga bindiga?” in ji Labbo. “Zane ka kashe dinya?”

Ya ɗauki kowace ya buɗe ta, ya ɗaga bututun ga rana ya leƙa da ido ɗaya. Mai baki biyun ya ce cikinta ya yi zanzana, ya ajiye. Mai famfon ya daɗe yana kallo. Ya ja katakon ya tura, ya kasa kunne, ya sake. Ya ɗora ta a kafaɗa ya bi wata shirwa da ita a sama. Sannan ya ce, “Wagga nika so. Cikinta kamar madubi.” Badenden ya ƙara masa ɗan gwangwanin mai, ya ce kada ya bari ruwa ko gumin hannu ya kwana a jikinta. Da muka ƙetaro, Labbo bai zauna ba sai da ya yi mata takarda a ofishin En’e, hukumar gargajiya ta lokacin, don ba ya son abin da zai haɗa shi da ’yan doka.

Wanda bai zauna bakin kogi ba bai san tsatsa ba. A nan ko fartanya ka bari kwana biyu sai ka same ta ja. Ƙarfen bindigar nan baƙi ne mai sheƙi, in ka taɓa shi da gumi ka manta, gobe za ka ga yatsunka biyar sun fito ja a kai. Labbo ba ya jin tsoron dorina, ba ya jin tsoron kada, amma tsatsa yana jin tsoronta. Kullum ya dawo daga fadama, kafin ya sha ruwa sai ya goge ta. Da man gwangwani ya ƙare ya koma man kaɗe, yana narka shi a rana, ya shafa sama-sama da gashin kaza. Ya gwada man gyaɗa sau ɗaya, tururuwa suka yi mata caa, bai ƙara ba. Ba ya jingina ta da bango, ba ya barin ta cikin kube na fata da damina, ya ce fata na riƙe danshi. Matarsa Kulu takan ce da ita ake shafa wa mai haka, da ta fi matar mai gari sheƙi.

Da damina ta kama, tafiya ta taso masa. Zai gangara kogi ya kai busasshen kifi kudu cikin jirginsa, wata biyu ko fiye. Ɗakinsa na yoyo, sai ya kawo bindigar ɗakina ya rataye da hannunsa. Ina da shekara ashirin da huɗu, da matata, ba yaro ba ne ni. Ya ce, “In na komo nis samu ɗigon tsatsa gare ta, ni da kai.” Yana dariya ya faɗa, amma na san shi.

To ga inda abin yake. Mu masu adaka muna da al’ada, in za a rataye bindiga sai a toshe bakinta da tsumma mai mai, saboda danshi, kuma saboda zanzaro, wanda ke shiga bututu ya gina ɗakinsa na laka. Ubanmu haka ya yi, kakanmu haka. Ba a taɓa jin ta cuci kowa ba, don adaka ta baki ake ɗura ta. Ba yadda za ka yi ka zuba albarushi ba ka cire tsumman ba. Hannunka dole ya bi ta wurin.

Rannan sai na ga zanzaro na zagaya ɗakina. Na duba ban sami tsumma mai tsabta ba sai ’yar tutar nan kore da fari da aka raba mana lokacin bikin ’yancin kai, tana soke a jikin azara. Na yage koren, na dulmuya shi cikin man kaɗe, na toshe bakin. Bayan kwana uku na tarar ɓera ya ci jelar da ta leƙo waje. Na sake yago wani na ƙara, wannan karon na ɗauko sandar ɗurin ubanmu na danna shi can ciki, kusan kamu guda, inda ɓera ba zai kai ba. Har na ji daɗin dabarata. Kowace Juma’a ina goge bayanta. Wallahi ko ɗigo ba ta yi ba.

Ranar da ya dawo ina gonar dawa, nesa da gari. Da hantsi matata ta kawo mini fura, tana sauke ƙwarya ta ce, “Yaya ya iso tun da sahe. An gaya mai cewa dinya sun cika shinkafatai, ko zama bai yi ba, yaɗ ɗauki bindigatai yan nuhi fadama.”

Na kai ludayi baki ke nan. Sai na tuna mai famfo ba ta baki ake ɗura ta ba.

Ban san inda na jefar da ludayin ba. Na yi gudu irin wanda ban taɓa yi ba, ban kuma sake yi ba. Karan dawa na yanka mini fuska, ƙaya ta shiga ƙafata ban tsaya ba. Ina gudu ina ce wa raina ai Labbo ne, mutumin da ba ya karɓar bindiga sai ya leƙa cikinta, zai leƙa. Wata zuciyar ta ce don me zai leƙa, ga ta tana sheƙi, kuma ƙanensa ya ba ajiya? Ina ta kiran sunansa tun inda ba zai ji ba. Na hango tsuntsaye fari da baƙi cikin shinkafa, na hango hularsa cikin ciyawa. Na buɗe baki ke nan na ji ƙarar. Na san muryar bindigar nan. Wannan ba ita ba ce. Kamar an fasa tulu cikin ɗaki.

Na same shi zaune cikin ruwa, ya riƙe hannun hagu da na dama. Bututun ya tsage kamar an ɓare rake, daidai gaban inda yake riƙe katakon. Abin da ya rage na hannun ba zan rubuta shi a jarida ba. Ya dube ni, ya dubi bindigar.

Mutane suka taru muka ɗauko shi. A ƙofar gida kowa na tambaya, wani na cewa sammu ne, wani na cewa Badenden ya cuce mu. Ni ina tsaye, ina jiran a tambayi wanda ya yi ajiyar. Sai Labbo ya ɗaga murya ya ce, “Tsatsa ta, jama’a. Ta ci ta daga ciki, ni ban duba ba.” Shi ke nan, magana ta zauna a haka.

Asibiti na da nisa, kogi ya cika, aka ce a fara na gida. Kwana shida kamar zai tashi. Ran na bakwai haƙoransa suka sarƙe, wuyansa ya sandare, ko ruwa sai an ɗiga masa ta gefen baki. Ina zaune gabansa kullum, ina cewa yau zan faɗa, yau zan roƙi gafara. Ina tsoron idonsa. Ran na tara ya cika. Bindigar na ɗauka na kai tsakiyar Kuwara na sake ta, na ce wa mutane ba na son ganin ta. Gaskiyar ita ce ba na son wani maƙeri ya leƙa cikinta.

Wani lokaci nakan ce da Labbo zai tashi yau, me zai gane? Shinkafar na nan, dinya sun ragu. Bindigar da muka ƙetara ƙasa muka sayo, aka yi ta zuwa kallo har daga Bahindi, yanzu irinta na shigowa ta iyaka cikin buhun gawayi, a hannun yaran da ba su san kukan kirinjijiya ba. Ba tsuntsu suke nema ba. Mutum ya ji ƙara da rana tsaka, ba ya cewa wane ya samu nama, shanunsa yake ƙirgawa. Labbo da ya ɓata kwana uku yana neman takardar bindiga ɗaya, ina jin da ya ce mun haukace.

Watan jiya Audi ya zo ya durƙusa ya ce, “Bappa, mai famfo nika son saye, tsuntsaye sun dame ni. Kai kas san ta, ka raka ni.” Na ce a’a. Ya ce to zai tafi shi kaɗai. Dole na bi shi. Ya yi komai bisa ƙa’ida, da takardarsa. Da aka miƙo masa ita, ba wanda ya koya masa, ya buɗe ta ya ɗaga ga rana ya rufe ido ɗaya.

Muka dawo gida. Ina alwala a tsakar gida na ji ƙarar yaga ƙyalle. Na waiga, ga Audi ya naɗe tsumma a yatsa, ya tsoma cikin mai, yana nufin bakin bindigar.

Ban san lokacin da na isa gare shi ba. Na buge hannunsa har gwangwanin ya kife. Mutum mai ’ya’ya uku, gaban matarsa. Tun yana yaro ban taɓa dukansa ba.

“Bappa, lahiya? Don zanzaro na. Kuma kai kac ce tsatsa tak kashe babana.”

Na tsaya ina haki. Na ce kada ya kuskura, ko da wasa. Ya ce don me? Na shige ɗaki.

Washegari na hau keke na tafi Bahindi, inda Kulu ke aure tun bayan da ta yaye Audi. Ta tsufa, ni ma haka. Da can ba ma haɗuwa sai ta tsokane ni, ranar ta ga fuskata ba ta yi ba. Na zauna bakin zaure na faɗa mata duka, tun daga zanzaro har sandar ɗuri. Ina jiran ta yi kururuwa. Ta ci gaba da tsince wakenta.

“Arzika, wa kaka zato ya wanke hannun nan?” in ji ta. “Ni nic cire zaren kore cikin naman, da tsinke. Tuta guda ta cikin gidanmu, kuma na san ɗakin da take. Na gwada ma Labbo. Yac ce in na buɗe baki bai yahe mani ba, duniya da lahira.” Ta zubar da tsakuwar da ta tsince. “Ni shi yah hana ni magana. Kai wa yah hana ka?”

Na tashi na yi mata sallama. Na hau kekena na komo gida.

Abin da ya rage na Labbo ba shi da yawa. Gonar an raba, jirgin ya ruɓe, bindigar na ƙarƙashin kogi, yanzu kam ta yi tsatsar gaske. Akwai ɗansa, mai leƙa bututu da ido ɗaya. Akwai kuma ƙaryar nan guda da ya yi, hannunsa na zubar da jini, don ƙanensa ya iya ci gaba da zama cikin gari. Na zauna cikinta shekara talatin kamar ɗaki. Ban taɓa tunanin za ta iya kashe wani ba, sai da na ga tsumma a yatsan Audi. Tsoron tsatsar da na cusa masa ne ya kai hannunsa wurin.

Masu mai famfo, ku goge ta, ku shafa mai sama-sama, ku rataye ta inda iska ke bi. In zanzaro ya dame ku, ku ɗaura ƙyalle ta waje inda ido zai gani. Kada ku cusa komai ciki. Kuma ko uwarku ɗaya da mai ajiyar, ku leƙa kafin ku ɗura.

Na gwada faɗa maka da baki sau uku, Audi, harshena ya ƙi. Na san ba ka fashin jaridar nan, ranar kasuwar Lolo kake sayo ta. Bindigar babanka ba ta yi tsatsa ba. Ni na toshe ta. Ranar kasuwa ba zan je ko’ina ba, ina zaure, kan buzun da ka sani. Allah ya jiƙan Labbo. Ni kuma ka zo ka same ni.